Matambayi Ba Ya Ɓata: Hannu Ya Iya, Ina Takarda?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka zo mini wannan karon yawancinsu kan koyon sana'a ne da maganar takardar shaida. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda fili, kuma kamar kullum ba na buga sunan kowa. Wanda ya aiko tambaya kan mitar lantarki ya ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni matashi ne a Bajoga, shekarata 25. Shekara shida ke nan ina bin maigidana aikin wayarin, yanzu har sola nake haɗawa ni kaɗai. Kwanan baya wani ɗan kwangila ya nemi masu aikin lantarki, na je, aka ce in kawo takarda. Ba ni da komai sai sakamakon sakandare, shi ma ban ci lissafi ba. Aka ɗauki wani da na tabbata na fi shi iya aiki. Yanzu wani ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini takarda ba sai na zauna jarrabawa ba. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da maganar ƙarshe, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ka ba mutumin nan ko kwabo. Takardar bogi laifi ce a gaban doka, kuma aikinmu aiki ne da ran mutane ke ciki. Ranar da gobara ta tashi a gidan da ka yi wa wayarin, Allah ya kiyaye, takardar nan za a fara nema, in aka gano ta jabu ce babu mai sauraron bayaninka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba ka da bukatar ta bogi, ta gaskiya tana nan, kuma don irinku aka yi ta.

Ta farko ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda masu aiki ke kira tired tes. Mataki uku ce. Ana farawa da na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya, da tazarar lokaci tsakaninsu. Ba a ce sai wanda ya yi kwalejin fasaha ba, wanda ya koya a shago ko a gareji ma yana shiga. Ka je ofishin ma'aikatar da ke Gombe da ƙafarka, ka tafi da wasiƙar maigidanka mai nuna yaushe ka fara da irin ayyukan da kake yi. Duk kuɗin da za ka biya ka karɓi rasit. Kada ka aiki kowa.

Na daɗe ina shirya yara wa irin wannan gwaji, tun ina koyarwa a kwalejin fasaha har zuwa yanzu da nake zaune a shagona a Jekadafari, don haka bari in gaya maka yadda nake gwada su. Ina ba yaro katako, da waya, da makunni biyu, da kan ƙwai ɗaya, in ce ya haɗa mini fitilar da za a kunna daga bakin ƙofa a kashe daga bakin gado. Yawancinku kuna gamawa kafin shayina ya huce, aiki tsaf, waya a miƙe. Sai in miƙa masa takarda da biro in ce ya zana mini abin da ya haɗa. A nan gumi ke karyo wa yaro. Sai in tambaye shi: hita mai wat 1,500 a kan wuta mai bolt 230, amfiya nawa za ta ja? A raba 1,500 da 230, ya ba da kusan shida da rabi. In ƙara masa firji da dutsen guga a layi ɗaya, in ce wace waya zai sa, wane fis zai ɗaura? Zai ce mini waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, kuma gaskiya ya faɗa, haka ogansa ya koya masa. Amma da zarar na ce me ya sa, ko na tsawaita layin zuwa ɗakin baya mai nisa, sai ya yi shiru.

To ɗana, ka ce ka fi wanda aka ɗauka iya aiki. Mai yiwuwa hannunka ya fi nasa, ban musa ba. Amma ɗan kwangila zai miƙa wa ma'aikacinsa zanen gini ya tafi wani wurin, yana son wanda zai karanta zanen, ya lissafa nauyin kowane layi, ya auna ramin at, wato inda ake binne ƙarfen da ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, da na'urar mita, ya rubuta abin da ya samu. Bai san ka ba, bai taɓa ganin aikinka ba, takarda ce kawai ke yi masa magana a madadinka. Ko a solar da kake haɗawa lissafin nan yana bin ka. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da wat-awa 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. Wanda bai san wannan ba sai ya yi wa mai gida alkawarin firji har asuba, bayan wata shida batir ya mutu, sunansa ya ɓaci a unguwa.

Shi ya sa nake so ka haɗa da NABTEB. Hukumar jarrabawar sana'o'i ce da aka kafa a 1992, hedkwatarta a birnin Benin na jihar Edo, ita ke ba da takardar NTC ta masu fasaha. Tana da jarrabawar Nuwamba da Disamba ta waɗanda ba sa makaranta. Za ka rubuta darussan sana'arka, ka kuma sake zama wa lissafin da ya kayar da kai. JAMB tana karɓar sakamakon nan, ke nan in wata rana ka yi sha'awar difloma, ƙofa a buɗe take. Ka nemi malamin lissafi a unguwarku, ku riƙa zama bayan Isha'i, ka ce ya riƙa ba ka misali da waya da batir. Za ka yi mamakin yadda abin da ya gagare ka a aji zai zauna maka, tunda yanzu ka san amfaninsa.

Akwai kuma tsarin NSQ na ba da shaidar ƙwarewa a sana'a, da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedkwata a Kaduna ke kula da shi, wanda a cikinsa ake tantance ƙwarewar da mutum ya riga ya samu a bakin aiki. Mai tantancewa yana kallonka kana aiki, ya duba hujjojin ayyukanka na baya, a ba ka matakin da ka cancanta. Tunda foliteknik ta jiha tana nan garinku, ka shiga ka tambayi malaman sashen lantarki inda ake yin wannan. Daga yau kuma duk aikin da ka yi ka ɗauki hotonsa da wayarka, kafin a rufe bango da bayan an gama, ka rubuta kwanan wata da unguwa a littafi. Idan ka tara waɗannan, sai ka fuskanci takardar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin wayarin a ƙasar nan. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ka gaishe mini da maigidanka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni manomi ne a Kumo. Na kai ɗana gareji a Gombe yana ɗan shekara 13, yanzu yana da 17. Duk zuwansa gida in na tambaye shi sai ya ce wankin kayan inji yake yi, da sayo abinci, da kai 'ya'yan oga makaranta. Ogan bai taɓa yi mini maganar yaye ba, ni kuma ina jin nauyinsa don shi ke ciyar da yaron. In ɗauke shi ne ko in bar shi?

Amsa: Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Kada ka ɗauke shi tukuna, kada kuma ka ci gaba da yin shiru.

Ka fara da yaron. Ka zaunar da shi ba tare da faɗa ba, ka tambaye shi abu ɗaya bayan ɗaya. Zai iya juyen mai ya canza filta shi kaɗai? Zai iya canza burki? Ya taɓa sa hannu a kuloci? An taɓa sauke inji aka ce shi ya kwance? In mota ta ƙi tashi, me yake fara dubawa? Yara sukan raina abin da suka iya, wani kuma yana son barin aikin ne sai ya ɗora wa oga. Amma in bayan shekara huɗu amsar duka a'a ce, to an ci amanar yaron nan, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ni ma maigida ne, na san abin da ke zuciyar masu gida. Wanke kaya da aike ba wulaƙanci ba ne a watannin farko, a nan yaro ke sanin sunan kowane sifana da inda ake ajiye shi, a nan kuma ake gane mai gaskiya, don gareji cike yake da dukiyar mutane. Akwai kuma ciwon da iyaye ba sa gani: ka ciyar da yaro shekara biyu, ya lalata maka kaya yana koyo ka biya daga aljihunka, da ya iya juyen mai sai ya tsallaka titi ya kafa tasa rumfar, ko sallama babu. Wannan ne ya sa wasu ke riƙe ilimi. Sai dai wannan ba hujja ba ce ta mai da ɗan mutane ɗan aike har gemu ya fito masa.

Tushen matsalar shi ne yadda muke kai yara. Mu kama hannunsu mu ce, «Ga shi nan, na ba ka amana,» a yi addu'a a watse. Ba a faɗi shekara nawa ba, ba a faɗi me za a koya ba, ba a faɗi me zai biyo bayan yaye ba. Alhali Dokar Ƙwadago ta Najeriya, daga sashe na 49, ta yi magana kan wannan. Ta ce yaron da ya wuce 12 bai kai 16 ba, iyayensa ko waliyyinsa ne ke sa shi koyon sana'a, da yardarsa, a rubuce, kuma wa'adin kada ya wuce shekara biyar, jami'in ƙwadago ya sa hannu. Ku dubi 'yan kasuwar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a cikin garin nan. Tun ranar da aka kawo yaro an san shekarun da zai yi, an kuma san za a sallame shi da jari. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu, ina ga shekarun ƙuruciyar yaro?

A shagona akwai littafi mai baƙin bango. Duk yaron da aka kawo, a shafi ɗaya nake rubuta ranar zuwansa, da wa'adin shekara uku, da abin da zai iya a ƙarshen kowace shekara: ta farko fasa bango, jan waya, haɗa soket da makunni, ta biyu haɗa allon rarraba wuta da karanta zane, ta uku ya riƙe ƙaramin gida shi kaɗai ina dubawa. A ƙasa in rubuta cewa ni zan biya masa kuɗin tired tes, shi kuma zai yi mini aikin wata shida da lada bayan ya gama. Uba ya sa hannu, ni in sa, shaidu biyu su sa. Ranar yaye a kira liman, a raba goro, in miƙa masa akwati da filaya, da sukudireba, da testa, da mita. Tunda na fara haka rigima ta ragu ƙwarai, don kowa ya san inda aka dosa.

Ga abin da za ka yi. Ka je Gombe da kanka, ka ɗauki dattijon da ogan ke jin nauyinsa, ka riƙe ɗan abin hannu daga gona. Ku same shi bayan La'asar in aiki ya lafa, ba a gaban masu mota ba. Ka gode masa kan ciyarwa da riƙo, sannan ka ce, «Oga, yaron nan ya fara girma, na zo mu tsayar da magana, yaushe kake ganin zai kai yaye, me kuma ya rage masa?» Mutumin kirki zai ba ka lokaci, sai ku rubuta. In ya hau faɗa ko ya yi ta kwana-kwana, ka kai maganar ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na yankin, suna sasanta irin wannan, kuma za su iya nuna maka wani garejin. Ku rabu da shi lafiya ko yaya ne.

Sai magana ɗaya da ba ka tambaya ba. Ɗan shekara 13 aji ya kamata ya kasance, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na farko na karatu. Motocin yau kwamfuta ke tafiyar da su. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura ta faɗi ciwonta da lambobi da Turanci, kuma irinsu ne suka cika titunanmu. Bakaniken da ba ya karatu sai ya kira wani yaro mai na'ura ya biya shi. Ka sa a cikin yarjejeniyar cewa za a riƙa sakinsa da yamma ya je ajin manya.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni 'yar Bauchi ce, daga Fadaman Mada. Na zauna JAMB sau biyu ban samu jami'a ba, ina da kiredit a lissafi da fiziks. Ina son koyon haɗa sola, amma Abbanmu ya ce ba aikin mata ba ne, in koyi ɗinki.

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Wasiƙarki ta faranta mini rai. Abbanku ba ƙin ci gabanki yake yi ba, yana hango ki ne a kan rufin kwano cikin maza, a gidan da bai san masu shi ba. Wannan damuwa ce ta uba, kuma sai kin amsa ta kafin ya saurare ki.

Ki nuna masa hanyar makaranta. Jami'a ba ita kaɗai ba ce. Ga Foliteknik ta Tarayya a Gwallameji, tun 1979 take nan, ga ta jiha ta Tatari Ali, duk a cikin garinku, ki je ki dawo ki kwana a ɗakinki. Difloma ta ƙasa a fannin lantarki shekara biyu ce, ta JAMB ake shiga, sai dai ki zaɓi foliteknik tun wajen cike fom ko ki canza zaɓi. A cikin karatun akwai watannin koyon aiki na SIWES, shirin da hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedkwata a Jos ta fara a 1973, kuma a nan ne za ki nemi kamfanin sola da Abbanku ya san mai shi, ya je ya gani da idonsa. Kafin lokacin, ki riƙa leƙa ofisoshin ITF da na hukumar samar da aikin yi ta NDE da ke Bauchi, sukan buɗe horo na 'yan watanni. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sa sunanki, ki bar wurin.

Ki kuma gaya masa wannan daga bakina. Gidaje nawa ne a Bauchi da Gombe aka rubuta «ba a shiga» a ƙofarsu? Sau da yawa inbata kan lalace tun safe, matan gida su wuni cikin zafi, ni da yarana ba mu da ikon shiga sai mai gida ya dawo da dare. Mace mai wannan ilimi za ta yi sallama ta shige har uwar ɗaka. Kuma yawancin aikin ba a kan rufi yake ba. Lissafin nauyin gida, zaɓen batir, saita inbata, gano inda matsala take, duk a ƙasa ake yin su, hawa rufi kuwa ko maza ma yaro suke sawa. Ki nemi wata gwaggo ko kawu da yake jin maganarsu su raka ki wajen wannan zance. In ya ce ɗinkin dai, ki karɓa da ladabi ki fara, ki roƙe shi ya bar ki ki sake cike fom ɗin. Uban da ya ga 'yarsa ta bi maganarsa yakan sassauto.

Tambaya: Malam, ina da digiri, na gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce, babu aiki. Ina tunanin koyon sa tayil amma ina jin kunyar abokaina a Dukku. Shekarata 29, ban makara ba?

Amsa: Ba ka makara ba, ƙanena. Ka zaga sababbin gine-ginen Tumfure da hanyar Bauchi ka tambayi masu sa tayil da silin POP daga ina suke, za ka tarar da 'yan Togo da Jamhuriyar Benin da dama, sun ƙetaro ƙasa sun zo suna yin aikin da masu gini ke biya da daraja. Karatunka zai rage maka hanya, don kai za ka iya auna ɗaki, ka fitar da adadin kwali, ka rubuta wa mai gida ƙiyasin kuɗi a takarda mai tsabta. Sai dai ka shirya wa abu biyu: gwiwa da baya za su yi ciwo a watannin farko, kuma mai koya maka zai iya zama ƙaninka a shekaru, dole ka kira shi oga ka kwaɓa masa siminti. In Dukku ta yi maka nauyi ka koya a Gombe. Ka tanadi kuɗin abinci na 'yan watanni kafin ka fara, ka sayi ma'aunin ruwa da tef naka na kanka, ku kuma rubuta wa'adi kamar yadda na gaya wa malamin Kumo. In ka samu maigida ka rubuto mini ta adireshin mujalla, zan aiko maka da kwafin shafin da nake amfani da shi.